Ba giwa ce ta ba ɓarayi daji ba: martani ga mai cewa a sare Rugu da Kogo

Ranar Asabar da ta wuce, a majalisarmu ta kusa da Ƙofar Soro bayan sallar la'asar, wani abokina ya miƙo mini rubutunka, Malam, ya ce in karanta in gaya masa ko akwai abin da ka rage. Na karanta sau biyu, na tafi da shi gida na sake karantawa. Abubuwa uku ka nema. Ka nemi a sare dazuzzukan gwamnati da ke yammaci da kudancin Katsina a raba wa jama'a gonaki, tunda sun zama maɓoyar 'yan bindiga. Ka nemi a jingine maganar mayar da dajin Kogo gandun namun daji na ƙasa. Sannan ka ce 'yan giwayen da suka rage a Arewa a tattara su a Yankari, a zagaye su da waya, kowa ya huta, domin a ganinka kula da giwa sha'awar Turawa ce, talaka ba shi da kaso a ciki.

Allah ya gafarta Malam, zafin da ya sa ka ɗauki alƙalami na san shi. A gidanmu akwai gwaggona da ta baro ƙauyensu a ƙasar Batsari da 'ya'ya huɗu da tabarma ɗaya, ta bar rumbu cike da gero, yau shekararta ta biyar a ɗakin zaure. Babu Bakatsinen da zai manta daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara aka nausa daji da su a ƙafa. Wanda ya ga wannan ya ce ya tsani daji, ba zan ga laifinsa ba. Inda na rabu da kai shi ne maganin da ka kawo, domin mun riga mun sha shi, shi ne ma ya kwantar da mu.

Rugu ba daji ne marar mai shi ba tun asali. Keɓaɓɓen wuri ne da hukuma ta shata, ga gandun itatuwa, ga makiyayar Ruma da Kukar Jangarai da aka tanadar wa Fulani da shanunsu, da madatsun ruwa da burtali. Dattawan Safana da Runka suna tuna zamanin malamin daji, wanda ko reshen marke mutum ya sara ba da izini ba sai ya amsa tambaya gaban alƙali. Daga baya malaman daji suka tsufa suka yi ritaya, ba a ɗauki madadinsu ba. Masu hannu da shuni da masu uwa a gindin murhu suka riƙa samun takardar fili a cikin gandun, kadada ɗari, kadada ɗari biyu, aka nome burtali, aka toshe hanyar mashaya. Makiyayin da aka matse ya shiga rigima da manomi, rigimar ta haifi ramuwa, ramuwa ta jawo bindiga. Wannan labari ɗaya ne a Katsina da Zamfara, duk wanda ya zauna a zaman sulhu ya ji shi daga bakin ɓangarorin biyu. Gwaggona ba ta sami ko taki ɗaya a wancan rabon ba. In aka sake wani rabon gobe, wa kake jin zai samu?

Saran itace kuwa ba mu taɓa dainawa ba. Shekara da shekaru, wanda ya tsaya a Ƙofar 'Yanɗaka da sassafe yana ganin motocin itace da buhunan gawayi suna shigowa ta hanyar Batsari, maƙare har suna rangaji. Kirya da marke da kanya ne suke ƙonewa a murhunmu da tandar masu burodi. A ƙarshen watan Agusta 2021, cikin dokar da gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa don daƙile 'yan bindiga, har da hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, tare da rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Baure da hana motocin haya bin ta Ƙanƙara zuwa Sheme. Gwamnati da kanta ta gane cewa motar da ke shiga ɗauko itace tana iya shiga da mai da abinci da saƙo. Dajin ya yi ta raguwa, ɓarayin suna ƙaruwa. Da gatari yana korar ɗan bindiga, da tuni Rugu ta zauna lafiya.

Ka rubuta kamar giwa baƙuwa ce a ƙasar nan. Wani tsohon maharbi da yake zuwa wajen mahaifina sayar da zuma, mutumin yankin Jibiya, ya taɓa zana mana sawunta a ƙasa da sandarsa, da'ira kamar faifai. Ya ce in garke ya ratsa fadama cikin dare ba ka jin takunsu, sai ƙarar reshe yana karyewa da wani irin gurnani daga ciki kamar hadari na nesa, da safe kuwa sai ka tarar da hanya shararriya wadda jaki da kaya zai bi. Ba tatsuniya yake yi ba. A shekarun 1980 zuwa cikin 1990 akwai garken giwaye da yake kai-komo tsakanin dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi a ƙasar Madarumfa, da dazuzzukan da ke wannan ɓangaren iyaka. Kudu da mu kuma akwai su a Kamuku ta Birnin Gwari da Kuyambana ta Zamfara. Wato layin daji guda ne, daga Nijar ya gangaro ta Rugu har Birnin Gwari, giwa tana bin sa da ƙafarta. Yau wannan layin ne 'yan bindiga suke bi da babura, har Baban Rafi ɗin ma ba ta tsira ba. Malamin daji ne ya fara fita, giwa ta bi bayansa, sannan mai bindiga ya shigo ya tarar da gida ba kowa.

Na san za ka ce Kamuku ai gandun ƙasa ne tun 1999, da ma'aikatansa da tambarinsa, amma bai hana shi faɗawa hannun miyagu ba. Haka ne. Sai dai suna a takarda daban, mutane a cikin daji da albashi da mota da rediyo da makami daban. Abin da Kamuku ta koya mana shi ne ayyana gandu ba tare da ciyar da shi ba yaudarar kai ce. Ba ta koya mana cewa a sare shi ba.

Maganar wayar da ka ce a zagaye giwayen Yankari da ita, nan ne nake so mu ɗan daɗe, domin a nan kuskuren ya fi girma, kuma mutane da yawa masu kyakkyawar niyya suna tare da kai a kansa.

Giwa ba saniya ba ce da za a ɗaure a turke a kawo mata harawa. Babba guda takan ci ganye da ciyawa da ɓawon itace da 'ya'yan itatuwa har kilo 150 a yini, ta sha ruwa fiye da lita 100. Tana ɗaukar ciki wata 22, kuma sai bayan shekara huɗu ko biyar take sake haihuwa, shi ya sa garken da aka karya yake daɗewa bai miƙe ba. Tsohuwar uwa ce take jan garke, a kanta taswirar dajin take: inda ruwa ba ya ƙafewa a bazara, inda ƙasa mai kanwa take, lokacin da giginya take zubar da 'ya'ya, hanyar da aka taɓa harbe su a kai. Da rani giwayen Yankari suna taruwa a kwarin kogin Gaji, domin shi ne ba ya yankewa. Damina na sauka, tafkuna suka cika, sai su bazu, kwarin ya sami hutu itatuwansa su farfaɗo. Da kaka, ƙamshin masara da dawa ya ja su bakin iyaka. Wannan zagayen shi ne rayuwarsu, shi ne kuma rayuwar dajin. In ka tsare su wuri guda, cikin 'yan shekaru za su kwantar da itatuwan wurin su bar fako, daga nan ko su mutu ko su fasa wayar.

Mu yi lissafi kaɗan. Faɗin Yankari murabba'in kilomita 2,244 ne, kusan kashi ɗaya cikin goma na Jihar Katsina baki ɗaya. Fili mai wannan girman, ko da zagayayye ne kamar tire, kewayensa ya haura kilomita 160. Wayar da take tare giwa mai lantarki ce, tana son a bi ta kullum a duba, a share ciyawar gindinta, a gyara inda reshe ya faɗo. Toron giwa yakan koyi tura itace a kanta ko ya ɗaga ta da haure, domin haure ba ya jin lantarki. A ƙasar da ake kwance wayar wutar gari cikin dare, wa zai tsare wannan a tsakiyar daji? Sannan wayar da aka sace ita ce take komawa tarkon da ake kama gada da ɓauna.

Na je Yankari sau ɗaya, cikin watan Maris. Mun kwana a sansanin Wikki, da asuba muka fita da mai yi mana jagora. Ba mu ga giwa ba sai can wajen hantsi, daga nesa, bayansu kawai muka hango suna shiga duhuwa. Abin da ya zauna mini a rai wani tsohon tulin kashinsu ne a bakin rafi, inda ƙasa take da laima. Jagoran ya tsuguna ya tona shi da tsinke, sai ga ƙwallayen 'ya'yan itace a ciki, biyu sun tsage sun fito da ɗan kore. Ya ce giwa ta ci a wani wuri, ta yi tafiyar yini, ta zo ta shuka a nan da takinsa. Na tuna miliyoyin da muke kashewa kowace damina a bikin dashen itatuwa, a ɗauki hoto, akuya ta cinye kafin sati. Ga mai dashe da ba ya karɓar kwangila, muna shawarar a kulle shi.

Yankari ba aljanna ba ce, kada a ce na ce. An keɓe ta a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ta zama ta tarayya a 1991, ta koma hannun Jihar Bauci a 2006. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta sami giwaye kusan 350. Cikin shekarun da suka biyo baya mafarautan haure suka yi musu ɓarna ƙwarai, yanzu ana ƙiyasin ba su fi 100 zuwa 150 ba. A 2014 gwamnatin Bauci ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS kan tsaron gandun. Aka horar da masu gadi, aka riƙa biyan su kuɗin sintiri a kan lokaci, suna kwana a daji ana bin sawun inda suka taka. Aka ɗaura wa wasu giwaye na'ura a wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, a 2014 aka kuma ƙara a 2019, ta yadda za a san inda garke yake a tura masu gadi kusa da shi. Daga watan Mayu 2015, shekaru da dama suka wuce ba a tsinci gawar giwar da aka kashe don haurenta ba. An rasa masu gadi a wannan aikin, 'ya'yan talakawa ne daga ƙauyukan kewaye. A 'yan shekarun nan kuma 'yan bindiga sun matsa wa ƙasar Alkaleri, suna neman gindin zama a dazuzzukan wajen. Duk da haka har yau akwai masu shiga Yankari da kakin aiki su fito su ba da rahoton abin da suka gani. Wa yake kawo mana irin wannan rahoton daga tsakiyar Rugu?

Inda ka fi gaskiya, Malam, shi ne batun manomi. Garke in ya faɗa gonar masara cikin dare, abin da bai ci ba ya tattake, noman shekara ya tafi kafin asuba. Mutumin da ya tsaya a kan irin wannan gonar ba ya son jin wa'azin muhalli, kuma yana da hujja. Giwa tana kashe mutum ma in aka yi arangama. Wanda ya ɓoye wannan ba masoyin giwa ba ne, domin manomin da aka bari da hasararsa shi ne gobe zai nuna wa mafarauci hanya. Amma akwai abin yi. A ƙauyukan da ke kewaye da Yankari an ɗauki matasa masu sa ido, da waya a hannu, in giwaye suka doso su sanar, a taru da tocila da ganguna da hayaƙin barkono a mayar da su tun ba su shiga ba. A Kenya, binciken wata masaniya mai suna Lucy King ya tabbatar da cewa giwa tana tsoron zuma, sai manoma suka riƙa jera amya a kewayen gona suna haɗa su da igiya. Giwa ta taɓa igiyar, amya ta girgiza, ta juya. Bahaushe da ya gaji rataye amya a kan ɗorawa ba sai an kai shi makaranta kan wannan ba, ga kuma zumar sayarwa. Abin da ya rage, wanda nake ganin nan ne ya kamata alƙalaminka ya yi zafi, shi ne diyya. Duk gwamnatin da ta ce giwa dukiyar ƙasa ce, to ɓarnarta ma bashin ƙasa ne, a kiyasta buhu nawa aka rasa a biya kafin wata damina.

Ka leƙa Chadi. Gandun Zakuma yana da giwaye sama da 4,000 a 2002. Mahaya dawakai masu bindiga, yawancinsu daga wajen Darfur, suka mayar da su kusan 450 a 2010. A shekarar ce gwamnatin Chadi ta miƙa tafiyar da gandun ga ƙungiyar African Parks. Ba waya suka ja ba. Sun bi sawun giwayen suka gane cewa da damina, lokacin da ma'aikata suke janyewa saboda ambaliya, a lokacin ake kashe su, sai suka zauna a dajin shekara cur. Suka raba wa ƙauyukan kewaye rediyon sadarwa, wanda ya ga baƙin mahaya ya sanar. A 2012 an kashe musu masu gadi shida suna sallar asuba, ba su fasa ba. Giwayen da tsoro ya hana haihuwa suka koma haihuwa, adadinsu ya haura 500 yana ƙaruwa. Rediyon da aka kawo don giwa shi ne ya zama abin kiran agaji ga ƙauyawa in mahara suka doso. Sawun giwa ya taka na raƙumi: tsaron da ya isa ya kare garke, ya isa ya rufa wa ƙauye asiri.

Cewa keɓe daji al'adar Turawa ce, wannan kam ban yarda ba ko kaɗan. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don dawakan Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza don dabbobin sadaka. Malaman fiƙihu suna da babi a kan irin wannan keɓewa, wadda suke kira hima. A ƙasar Hausa muna da hurumi, muna da Sarkin Dawa da Sarkin Baka, waɗanda suke faɗin lokacin farauta da abin da ba a taɓawa. Dabbar da muke wasa sarakunanmu da sunanta, wadda yaro yake haddace sura mai sunanta tun yana ajin farko a makarantar allo, ba Bature ne ya gabatar mana da ita ba. Abin da ya zo daga waje shi ne kasuwar haure. An hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, amma Nijeriya ta zama mashigarsa, har a watan Janairu 2024 aka niƙe tan biyu da rabi na hauren da aka kama, a Abuja. A watan Agusta na shekarar gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin shekara goma na ceto giwa, inda ta ce cikin shekara 30 sun ragu daga kusan 1,500 zuwa tsakanin 300 da 400 a faɗin ƙasar nan. Garken da aka hango daga jirgi kusa da Rann a Borno a Disamba 2019, kusan 250, masu ƙetara iyaka ne, ba mazauna ba. Giwa a garin wani zomo ce, in ji Hausawa. Tamu ta zama zomo a garinta.

Game da Kogo, kada a fahimce ni a baibai. Ban ce a ɗauko giwa a mota a kai ƙasar Faskari ba. Wannan zai zama zalunci ga dabbar da kuma mutanen da ko gonarsu ba sa iya zuwa. Lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta sanar da sababbin gandayen ƙasa goma a ƙarshen 2020, har da Kogo da Falgore ta Kano da Baturiya ta Jigawa, cikin dalilan da ta bayar akwai hana miyagu mafaka. Niyyar daidai ce, aiki ne ya yi ƙaranci. Abin da Kogo da Rugu suke bukata shi ne a fara sanin iyakarsu, a buga sunayen duk wanda aka ba fili a ciki da shekarar da aka ba shi, a buɗe burtalin da aka toshe. In jami'an tsaro sun share wani yanki, kada a bar shi fayau kamar yadda aka saba. A zaunar da masu gadin daji na dindindin, 'ya'yan manoma da 'ya'yan Fulani na yankin tare, da albashin da ba ya makara. A zauna da hukumomin Zamfara da Kaduna da Maraɗi, tunda dajin bai san iyakar jiha ba, ɓarawon ma bai sani ba. Giwa kuwa a bar mata nata. A 2018 wasu sun ɓullo a Zariya Kala-Kala ta Jihar Kebbi ba wanda ya gayyace su, gwamnatin jihar ta hana a taɓa su, mutanen gari suka bi umarni. In hanya ta gyaru tana iya dawowa a zamanin jikokinmu, in ba ta dawo ba mun tsira da itatuwa da makiyaya da katangar da take tare mana hamada.

Malam, kana da masu karatu fiye da ni, kuma ana jin maganarka a gidan gwamnati. Ina roƙonka, a rubutunka na gaba ka tambayi 'yan majalisarmu na Faskari da Safana da Batsari da Jibiya malaman daji nawa ne suka rage a bakin aiki a ƙananan hukumominsu, nawa aka ware musu a kasafin bana, kuma su wa suke riƙe da takardun filayen cikin Rugu. In ka samo amsar ka buga, zan zo har gida in yi maka godiya, in taho da gwaggona ta ji da kunnenta.